Ba a Gaya wa Baƙo Abin da Zai Riƙo

A gidanmu na Garuwa magana ɗaya ake faɗa wa duk wanda ya ce zai zo: ku taho kawai. Daga Banyo yake ko daga ƙetaren iyaka, amsar ba ta canzawa. In ya tambayi hanya a ce masa lafiya lau. In ya tambayi abin da zai riƙo a ce ya riƙo kansa. Kakanninmu fatake ne, sun sauki baƙi, su ma sun sauka a gidajen mutane, kuma a wurinsu ka ce wa mai zuwa ya taho da kaza daidai yake da ka ce gidanka ya gaza, ko kuma kana lalubo masa dalilin fasawa. Da wannan na tashi, ban kuwa ga aibinsa ba sai shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare.

A shekarar ne idon Kaka, mahaifiyar babana, ya fara tafiya. Likita ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce. Abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage sai a yi ta ɗiga magani a riƙe shi iya riƙo. Ita kuma ta fi likitan iya bayani. Ta ce ji take kamar tana leƙen duniya ta bakin tulu, kullum bakin yana ƙara tsukewa. Abin da ke gabanta sak tana ganinsa tar, amma na gefe duk ya ɓace, sai ta yi ta juya kai kafin ta samo mai magana. Ni aka ɗora wa ɗiga maganin, don ni ce ke karanta Faransancin da ke jikin kwalin, ni ce kuma ba na manta lokaci. Na ware shafi a bayan littafin lissafina ina saka alama safe da yamma. Kaka ta raɗa mini Malama tun daga nan, ba don girmamawa ba.

Daga Zariya aka auro ta. Tana da ƙanwa guda da ta rage a can, wadda Baba ke kira Yafendo, mu kuma muke ce mata Hajiya Ƙarama. Rabonsu da juna tun ban shiga makaranta ba, kuma ƙanwar ba ta taɓa taka Kamaru ba. Suna waya kusan kowace Juma'a. An gwada haɗa su ta hoto mai motsi, Kaka ta ture wayar ta ce fuskar ba ta fi ƙwayar goro ba, ga ta tana rawa. Abin da take so shi ne ta ga ƙanwarta tsaye a gabanta kafin bakin tulun ya rufe. Sau ɗaya ta faɗa, ba ta maimaita ba.

Da zafin bazara aka yi yunƙurin farko. Hajiya Ƙarama za ta taho tare da babban ɗanta, wanda muke ce wa Baffa. Baba ya ce musu su taho kawai. Ba ƙarya ya yi musu ba a zuciyarsa. Shi hanyar Yola gidansa ce, yana bin ta da atamfofi tun yana saurayi, masu tsaron shinge sun san fuskarsa, yana Fulatanci da direbobi, yana Faransanci da ma'aikata. Takardunsa sun daɗe a aljihun mota har ya manta cewa takardu ne, ya ɗauka gaisuwa ce ke buɗe masa hanya.

Ranar da za su iso aka yanka kaji, aka share ɗakin baƙi. Kaka ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakinta, saitin zaure, don duk wanda ya shigo ya faɗo cikin ɗan abin da take gani. Tun hantsi ta zauna. Ta tashi ta yi azahar ta koma, ta yi la'asar ta koma. Wayar Baffa ba ta shiga. Sai washegari muka ji cewa sun isa iyaka, an tambaye su katin allurar shawara, ba su da shi a hannu. Layin wayarsu ya ɗauke, ma'aikacin ba ya jin Hausa, Baffa ba ya jin Faransanci balle Fulatanci, ransa ya ɓaci, suka juya. Tsohuwa ta yi kwana biyu a mota zuwa, ta yi kwana biyu komawa.

A gida aka ce tsautsayi ne. Baba ya ce da yana wurin ba wanda zai tambaye su komai. Mata suka yi ta jajantawa. Na saurari kowa, ban ji wanda ya ce ai mu ne ba mu gaya musu ba.

Damina ta yi nisa kafin Hajiya Ƙarama ta sake cewa za ta gwada. Ina durƙushe ina ɗiga wa Kaka magani na ji Baba a tsakar gida yana waya, yana dariya, yana cewa wancan karon ƙaddara ce, hanya lafiya lau, su taho kawai. Hankalina ya koma wajen wayar har ɗigon ya sauka a kuncin Kaka. Ta ce mini in maganin ya ishe ni in sha abina, kada in yi mata wanka da shi.

Ni ban taɓa wuce Gashiga, nan kusa da Garuwa, ba. Ban san hanyar ba sai a taswirar da ke bangon ajinmu. Kuma a lokacin in malami ya kira ni in yi magana, kunnuwana sukan toshe. Amma na san abu ɗaya, cewa abin da ban sani ba akwai wanda ya sani, kuma ana iya rubuta shi. Na sayi sabon littafin rubutu.

Asibitin unguwa na fara zuwa, don can ya fi sauƙi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ciro katinta ta nuna mini, ɗan littafi mai ruwan ɗorawa. Ta ce allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, amma wanda aka yi wa sabuwa sai ya jira kwana goma kafin katin ya yi aiki, kuma tsoho ya fara ganin likita tukuna. Ta ce mai hawan jini ya taho da maganinsa a cikin kwalinsa, kada a juye a leda ko a ƙulle a bakin zane, don sunayen magunguna a nan dabam suke, sai da kwalin mai kantin magani zai gane. Ta ce baƙo ya fi ɗan gari saurin kwanciya da zazzaɓin sauro a damina. Na rubuta duka.

Tasha ce ta ba ni wahala. Bayan an tashi daga makaranta na hau moto, wato babur, na je, na tsaya kusa da mai sayar da ruwan sanyi na kai rabin awa ina kallon motoci kamar mai jiran wani. Sau biyu na juya zan koma gida. Daga ƙarshe wani dattijon direba, Bafulatani, ya gaji da ganina ya tambaye ni ko gwamnati ce ta aiko ni da littafi. Na ce a'a, kakata ce za ta yi baƙuwa. Ya gyara zama a kan bencinsa. Ya ce abin tsoro a damina ba taɓo ba ne, mayo ne, wato rafukan nan da ke zama yashi zalla da rani. In aka yi ruwa a kan duwatsu, sai mayo ya cika ko da sama tana fes a inda kake. Ya ce ba a gardama da shi, zama ake yi a jira, cikin 'yan awoyi yakan sauka. Samari za su zo su ce za su ƙetarar da mutum a kan moto ko a kafaɗa, kada tsohuwa ta yarda. A baro Yola da asuba, a nema mata kujerar gaba, kada yamma ta riske su a iyaka.

Na koma tashar sau biyu na tambayi wasu direbobi biyu. Abin da mutum biyu suka yi tarayya a kai shi na bari, wanda mutum ɗaya ne ya faɗa na saka masa alamar tambaya. Ɗayansu ya ce in na gama in rubuta masa hanyar Aljanna ma. Ni dai na tambaye shi ko shingen yana rufewa ranar Juma'a.

Shafi biyu takardar ta zama. Na fara da katin, sai fasfon da wa'adinsa bai ƙare ba, sai magunguna. Na ce su canza kuɗinsu zuwa sefa, kuɗin nan, tun kafin su ƙetare. Na ce su rubuta lambar Baba a takarda, don layinsu zai ɗauke, su roƙi wayar direba. Na ce ba kowa ke jin Hausa a nan ba, na jera musu gaisuwa da godiya da sunan ruwa da Fulatanci. Na ce kada su ɗaga waya su ɗauki hoton gada ko na masu kaki. Na ce ruwan gora mai hatimi za ta sha a hanya, ta sa takalmin roba, ta riƙo lema. Gidan sauro kuwa muna da shi, na rubuta cewa kada su wahala. A ƙasa na ƙara cewa ba a wanka ko alwala a Binuwai da tafkunan gefenta, saboda tsargiya da dorina.

Baba na fara kai wa. Ya karanta a tsaye, yana murmushi, har ya yaba rubutun. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Ajiye shi a littafinki. Ba a gaya wa baƙo abin da zai riƙo. Yafendo uwata ce, ba mai neman biza ba."

Na karɓa na ce to. Na shiga ɗaki na zauna da takardar a cinyata. Ta taga ina hango ƙofar ɗakin Kaka, inda tabarmar ta yini ran nan. Na ɗauki hoton shafukan biyu na tura wa Baffa. Na san abin da na yi. Ban goge saƙon ba, ban kuma je na gaya wa Baba ba, na bar shi ya ji daga can.

Da safe ya ji. Baffa ya kira shi yana faɗa, muryarsa har tsakar gida. Ya ce in ba a son su zo a fito fili a faɗa, ba a sa yarinya ta jero musu sharuɗɗa kamar ofishin jakadanci ba. Ya ce an yi musu wulakanci a iyaka sun haƙura, yanzu kuma an aiko musu da shi har gida a rubuce. Ya ce bai karanta wa mahaifiyarsa ba, ba zai karanta ba, tafiya kuma an fasa.

Yinin nan ba wanda ya yi mini magana in ban da abin da ya zama dole. Matan gida suna wucewa suna cewa boko in ya yi yawa kunya yake ci. Abin da ya fi damuna shi ne watakila suna da gaskiya. Takardata ta yi abin da shinge ya yi, ta mayar da tsohuwar tun ba ta bar ɗakinta ba. Da yamma na je ɗiga magani, Kaka ta buɗe idon, ko Malamar ma ba ta kira ni ba.

Washegari da hantsi Baba ya kira ni ƙofar ɗakinta. Ba ya ɗaga murya in ya yi fushi, ƙasa take yi. Ya ce zai kira Yafendo da kanta, ba Baffa ba. Zan gaishe ta, in ba ta haƙuri, in ce yarinta ce, ba a bukatar komai, su taho kawai. Ya ce kalmomin ba su da yawa, mai littafi ba za ta kasa haddace su ba. Ya danna lambar, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya sa mini wayar a hannu.

Na gaishe ta. Ta amsa da fara'a, ta tambayi karatu, ta tambaya ko an fara zuwa zance wurina ko littattafai sun kore su. Daga jin muryarta ba ta san komai ba, an dai ce mata an ɗage tafiya. Baba yana tsaye yana jira.

Na ce, "Hajiya, na aika wa Baffa takarda ba da izinin Baba ba. Wannan laifina ne, ina neman afuwa. Amma abin da ke ciki gaskiya ne, ba zan ce ba a bukatar komai ba. Ki bari in karanta miki."

Baba ya miƙo hannu zai karɓi wayar. Kaka ba ta gan shi ba, motsin rigarsa ta ji. Ta ce, "Bar ta. Yini guda na zauna a ƙofar nan saboda ku taho kawai. Bar ta ta karanta."

Takardar tana ninke a aljihun rigata, don na san zan bukace ta ko da ban san yadda zan yi ba. Na buɗe na fara da na ɗaya. Na karanta katin allurar shawara, na siffanta shi kamar yadda na gani. Hajiya Ƙarama ta katse ni.

"Mai ruwan ɗorawa kika ce? Ɗan ƙarami, da hatimi a ciki?"

Na ce i.

"Tsaya."

Muka ji ta ajiye wayar. Muka ji jan abu mai nauyi a ƙasa, sai ƙarar murfin adaka. An ɗauki lokaci, tana magana ita kaɗai, tana fitar da kaya. Da ta dawo muryarta ta canza. Ta ce ga shi a hannunta. Tun zuwanta aikin hajji aka yi mata allurar aka ba ta katin, ta dawo ta adana shi tare da carbinta da 'yar gorar zamzam, a ƙarƙashin zannuwa. A iyaka ran nan ba ta san abin da ake tambaya ba, ta ga dai Baffa yana ta ɗaga hannu. Ta karanto mini abin da ta iya, na tambaye ta ko sunanta da hatimin suna bayyane, ta ce tar.

"Kwana huɗu a mota," in ji ta. "Ƙafafuna suka koma kamar turmi. Ashe abin yana kwance a ɗakina. Ina ɗan nan yake? Yana ji?"

Baba ya matso ya ce yana ji.

"Kunya ce ta hana ka faɗa mini, ko mantuwa?"

Ya ce, "Yafendo, ai ba a…"

"Ba a me?"

Ban taɓa ganin babana ya rasa magana a gaban kowa ba, kuma ban ji daɗin ganin ba. Na sunkuyar da kai a kan takardar. Hajiya Ƙarama ta ce in ci gaba, kada in tsallake ko ɗaya.

Ba duka ta yarda da su ba. A kan ruwan gora ta ce cikinta ya sha rijiyoyin da ban taɓa jin sunansu ba. A kan takalmin roba ta ce ba za ta shiga gidan yayarta kamar mai zuwa wanki ba, za ta riƙo na kirki a jaka. Gaisuwar Fulatancin ta sa na maimaita mata sau uku, tana faɗa tana dariya, Kaka na gyara mata daga nan. Maganin hawan jinin ta amsa cewa a leda yake, za ta sa a nemo kwalin. Da na zo kan mayo ta saurara sosai, ta tambaya awa nawa. Na ce direbobin ba su yi tarayya ba, shi ya sa ban rubuta adadi ba. Da na kai ƙarshe ta ce wa ya gaya mini wanka za ta zo yi a kogi, da tsufanta. Na ce ba wanda ya faɗa, amma yana cikin takardar. Ta ce wa Kaka wannan jikar tata a kai ta kotu ta yi aiki.

Saura Baffa. Shi ba shi da kati, kuma ba za ta taho ita kaɗai ba. Ban san abin da ta gaya masa ba, na dai ji cewa ya je an yi masa allurar a ranar. Daga nan sai jiran kwana goma. Baba ya same ni ina saka alama a shafin maganin, ya ce da ban sa baki ba da sun riga sun taso, shi da kansa zai je ya wuce da su, yanzu ga kwanaki ina ƙara wa tsohuwa. Na ce masa wancan karon ma haka aka tsara, kasuwa ta riƙe shi, aka yi asarar wata huɗu. A hankali na faɗa, idona a ƙasa, amma na faɗa. Ya dube ni ya wuce.

Kwanakin nan goma sun yi mini nauyi. Kowace safiya nakan tsaya a gaban Kaka in ɗaga yatsu in matsar da hannuna gefe har ta ce ya ɓace. Ba likita ya sa ni ba. Ta gane abin da nake aunawa, wata rana ta ce in daina, ba atamfa ba ce.

Ranar tafiyar Baba ya fita tun da sassafe bai ce wa kowa inda za shi ba. Daga baya muka san iyaka ya tafi ya jira su. An yi ruwa a kan duwatsu, mayo ya tare su bayan sun ƙetare, suka zauna a bakinsa har ya sauka. Wannan karon waya ta shiga, mun san inda suke. Kaka ta ƙi yarda a shimfiɗa mata tabarma a ƙofa, ta ce sai ta ji ƙarar mota.

Sun iso la'asar ta yi sanyi, hadari yana haɗuwa ta gabas, haske yana raguwa. Aka fito da Kaka tsakar gida. Hajiya Ƙarama ta shigo da takalminta na kirki, gajeruwa, ta fi Kaka jiki, ta nufe ta kai tsaye ta rungume ta. Mata suka kewaye su, wannan na cewa a matso da ita, waccan na cewa ta kawo fuskarta kusa don Kaka ta gani. Suka yi ta tura ta gaba har goshinsu ya kusa haɗuwa. Na ga Kaka tana juya kai tana lalube, ta samu kunne, ta samu gefen mayafi, ta rasa.

Wata biyar ina tsayawa a gaban idon nan safe da yamma. Na san in na matso hancina kaɗai take gani, sai na ja baya fuskata ke shiga cikin bakin tulun gaba ɗaya. Ba a ce wa baƙon da ya sha hanya ya ja baya daga jikin 'yar'uwarsa. Na ratsa matan na kama hannun Hajiya Ƙarama.

"Hajiya, ki ja baya. Taku uku. Ki juyo wajen haske."

Wata ta fara cewa yau ga ikon Allah, yarinyar nan kuma. Hajiya Ƙarama ta dube ni, ta gane muryar, ta ja baya tana ƙirgawa a fili. Na daidaita kafaɗun Kaka na ce ta duba gaba sak. Kanta ya daina juyawa.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Kin tsufa."

"Ke da aka riƙo ki kamar amarya."

"Yi dariya in gani." Hajiya Ƙarama ta yi, hawaye na zuba. Kaka ta ɗan karkata kai. "Haƙorin Makka kika sa? Duk wayar da muke yi ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Na ajiye ne ki gani da idonki."

Suka tsaya a haka, taku uku a tsakaninsu, har ruwan ya fara saukowa aka shigar da su ɗaki.

Baffa ya amsa gaisuwata da ƙyar a ranar, sai da ya kwana biyu ya sake. Hajiya Ƙarama kuwa tana cin abinci ta sa aka kira ni. Ta ce sun zauna a bakin mayo tun kafin azahar, ba mai sayar da ko gyaɗa, ita da Baffa da Baba suna kallon juna da yunwa. Ta ce, "Malama, kin rubuta dorina, kin manta da guzuri."

Na koma ɗaki na duba takardar layi bayan layi. Gaskiyarta. Direban farko ma ya ambata, yana nan a littafina da alama a gefensa, amma ban kwafe shi ba. Hannuna ne ya ƙi. Na iya ce wa baƙuwa ta riƙo kati da lema, amma na kasa ce mata ta riƙo abinci za ta zo gidanmu. Na ɗauki biro na ƙara shi a ƙasan dorinar.

Ta yi wata guda a wurinmu. Kowace hantsi sukan fito tsakar gida, a ajiye mata kujera taku uku daga tabarmar Kaka, su yi ta hira suna musu a kan mutanen da suka rasu tun ba a haife ni ba. Kafin damina ta zagayo bakin tulun ya rufe.

Baba bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban sake ba shi haƙuri a kan abin da ke cikin takardar ba. Har yau in wani ya kira daga ƙetare ya ce zai zo, yakan yi dariya ya ce hanya lafiya lau, su taho kawai. In ya gama sai ya ajiye wayar a kan tabarma kusa da ni, bai kashe ba, ya tashi ya fita zaure.